Makunni Uku a Zauren Malam Abdu

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka koma akurki, jama'a suka cika masallatai, ita ce shekarar da na kafa allon makunni uku a gidan Malam Abdu na Maradun. Na ɗauko muku labarin nan ne saboda jiya ɗayanku ya tsaya a ƙofar shagona a nan Talata Mafara, ya ce tsare kwamfuta daga wutar lantarki ba sana'a ba ce. Wai sayen sitabilaiza ne kawai a jona. Ya ce a wayarsa ya gani, kuma kafin shayinsa ya huce an gama koyarwa. Madalla. Ni shekara tara na yi ina riƙe wa wani tsani. Ashe da na yi haƙuri an ƙirƙiro wayar hannu, da na huta.

Ba da kwamfuta na fara ba. Lokacin da ake aikin madatsar Bakolori na sauke Alƙur'ani a gaban mahaifina, ina rubuta wasiƙa da ajami tsaf, boko kuwa ko sunana ban iya ba. Aka damƙa ni ga Maigida Ɗanjuma, mutumin Bakura, mai gyaran wutar injinan da ke tura ruwa gonaki. A wancan zamanin an gaya mana ruwan nan ba shinkafa kaɗai zai ba mu ba, har wuta zai ba mu sai mun gaji da ita. Ba su yi ƙarya ba. Mun gaji da ita.

Ranar farko na zaci filaya zai ba ni. Sai ya jona mita mai allura a bango, ya ajiye mini bulo, ya ce in zauna in kalle ta, kada in tashi sai salla. Kwana uku ina kallon allura tana hawa tana sauka. Rana ta huɗu ya tambaye ni abin da na gani, na ce allura na gani. Ya ƙara mini kwana uku. A nan na gane wutar garin nan hali uku gare ta. Akwai mai rauni, wadda ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi, inji ya yi ta nishi har ya gasa kansa. Akwai mai hauka, wadda ke zuwa da ƙarfin da ba wanda ya roƙa. Akwai kuma mai ƙiftawa, ta tafi ta dawo kafin ka rufe baki. Maigida ya ce tafiyar wuta ba ta cika kashe kaya ba, dawowarta ce ke kisa, domin ba ta yin sallama. Na rubuta wannan a ɗan littafina da ajami. Littafin yana nan, tare da testarsa da gwangwanin fis da ya bar mini, Allah ya ji ƙansa.

Kwamfuta ta iso mu bayan an ba mu jiha. Ofisoshi ta fara shiga, sannan gidajen masu hali. Ita kuwa ba firji ba ce da za ta sha duka ta tashi. Cikinta akwai wani ɗan ƙarfe mai juyawa inda take ajiye duk abin da aka rubuta. Ku kuna ce masa hadis. Ni bakina ba ya iya kiran ƙarfe da wannan suna, rumbu nake ce masa. In akwatin wutarta ya ƙone, a sayo wani. In rumbu ya ƙone, sai a yi wa mai shi jaje.

Wani Alhaji a Bakura ya taɓa aiko mini cewa sitabilaizar da ya sayo ta banza ce, kwamfutarsa ta ƙone duk da haka. Na je na tarar da ita a kan kwamfutar, an share ta, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado, wayarta a naɗe cikin ledar da ta zo da ita. Ba a taɓa jona ta ba. Ya ɗora ta ne kamar laya. Da na yi masa bayani, ya ce ai mai shagon cewa ya yi a sa ta kusa. Wani hedimasta kuma fis ɗinsa ya riƙa yankewa, abin ya dame shi, ya cusa ƙusa a gurbin. Ya ce tun daga ranar bai ƙara yankewa ba. Haka ne, ƙusar tana nan lafiyarta lau, na ciro ta daga cikin toka da hannuna. Ban da masu jona kwamfuta da dutsen guga da firji a soket ɗaya, da masu ɗan janaretan nan da muryarsa ke hawa da sauka kamar mai koyon kiran salla, da masu akwatin batir mai riƙe wuta, wanda batirinsa ya mutu tun bara amma suna jin daɗin kukansa.

Akwai kuma abin da wayarku ba za ta gaya muku ba. Kowace kwamfuta tana son sandar ƙasa, wato sandar tagulla da ake kafawa a rami da gawayi da gishiri, a ɗaura mata waya, domin wutar da ta yi yawa ta sami hanyar gudu. Amma sandar ba ta aiki sai ƙasa na da danshi, kuma kun san yadda ƙasarmu ke zama da rani. Shi ya sa in na shiga gida, kafin in tambayi ina kwamfuta, sai in tambayi ina ake alwala. Nan nake kafa sandata. Sau biyar a rana ana ba ta ruwa, ba wanda ya san yana yi mini aiki. Gidan da na dawo na tarar da ramin a bushe, ba na cewa komai, ina dai duban maigidan.

To, mu koma Maradun. Malam Abdu malamin zaure ne, asalinsu mutanen Faru, magidanta ke ɗaukar karatu a gabansa. Mahaifinsa ya bar takardu da ajami, waƙoƙin wa'azi da bayanin hukunce-hukunce da ya yi da Hausa, ga kuma sunayen malamansu har kaka da kakanni. Gara ta ci kusan rabi. Abin da ta ci yana cikin kan Malam Abdu, shi kuma idonsa ya fara tafiya, shekaru sun ja. Sai ɗansa Murtala, ma'aikaci a Gusau, ya sayo kwamfuta domin a juya komai zuwa boko, jikoki su iya karantawa. Wanda ya ɗauki aikin bugawa shi ne Malam Isiya, tsohon mai buga tafireta a ofishin noman rani, wanda ya yi shekara ashirin yana zama a zauren nan. Don Allah ya ɗauka. Kullum da hantsi Malam yana faɗa, shi yana bugawa.

Aikin da na yi musu, ko yau aka kira ni in duba, ba zan ji kunyarsa ba. Na kafa sanda a gindin randar alwala. Na ja wa kwamfutar layinta ita kaɗai. Na kafa katako a bangon ɗakin da ke jikin zaure, na jera makunni uku. Makunnin dama shi muke kira wuƙa, mai hannun da ake ɗagawa, shi ke shigo da wuta, ko ta layi ko ta janareta, da mita a samanta. Na tsakiya na sitabilaiza. Na hagu na kwamfuta. Ƙa'idar ita ce ka ɗaga wuƙa, ka tsaya ka kalli allura tsawon Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai. In ta natsu a tsakiya, ka kunna na biyu, sannan na uku. In ta kwanta ƙasa ko ta manne sama, ka sauke wuƙa ka tafi harkarka. Dalili kuwa, sitabilaiza tana da jinkiri irin na mai gadi. Sai ɓarawo ya shiga take farkawa.

Ranar da na gama aikin Juma'a ce, ina sauri in sami mota. Na tsaya daga bakin ƙofa da jakata a kafaɗa, na ce wa Malam Isiya ya fara daga na farko, ya bi su a jere, ya riƙa duban allura yana karanta Ƙulhuwallahu. Ya ce ya gane. Na tambaye shi ko in maimaita, ya ce shi da ya yi shekara talatin da injin ofis, makunni uku ba za su gagare shi ba. Muka yi dariya, na tafi. Ban sa lamba a kan katakon ba. Me za a rubuta? Kowa ya san inda layi ke farawa.

Shekara guda da 'yan watanni ba abin da ya faru. Duk sanda na biya ta Maradun sai in tarar da su a kan aiki, Malam ya jingina da bango yana rera baiti, Malam Isiya yana cewa a dakata masa, wannan kalmar ba ta da harafi a boko. Na ce wa Murtala a riƙa kwafe aikin a wani wuri daban. Ya sayo ɗan filas na ajiyar bayanan kwamfuta, aka kwafa sau ɗaya, sannan ya tafi da shi Gusau ya goge ya zuba hotunan walima. Ilimi ke nan.

Da damina ta biyu aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, ta tsinke wayar da ke daidaita sauran a jikin taransifomar unguwarsu. In wannan waya ta tsinke, rabin unguwa wutarsu ta zama garwashi, ɗaya rabin kuma ta zo musu kusan ninki biyu. Gidan Malam yana cikin masu rabo. Da safe aka dawo da wuta, ƙwayayen fitila suka riƙa fashewa gida gida. Malam Isiya ya zo da hantsi kamar kullum, ya kunna makunninsa, aka ji ƙara kamar an fasa gora, hayaƙi ya tashi.

Washegari na iso. Zaure cike, Murtala ma ya taho daga Gusau. Tun daga ƙofa na ji warin, na san akwatin wuta ya tafi. Na buɗe, na ciro rumbu, na juya bayansa, na ga baƙin tabo a kan ɗan koren allon da ke jikinsa. Aikin shekara guda da rabi, da abin da gara ta ci aka maido daga kan tsoho, duk yana ciki, ƙofa ta rufe. Na ce wa Malam Isiya ya nuna mini yadda ya yi.

Ya je gaban katako. Ya ɗora yatsa a kan makunnin hagu, ya ce na fari. Ya matsa tsakiya, ya ce na biyu. Ya kama wuƙa, ya ce na uku, daga nan sai ya kalli allura ya yi karatunsa.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana fara layi daga hagu. Ni kuma tun ina ɗan shekara biyar daga dama nake farawa. Kullum sai ya buɗe wa wuta ƙofofi biyu na ciki, sannan ya buɗe ta waje, ya tsaya yana karanta Ƙulhuwallahu a kan abin da ya riga ya wuce. Allah ne kaɗai ya tsare su tsawon wannan lokaci.

Murtala ya juyo gare ni. "Malam Hamidu, haka ka koya mai?"

Na ce, "Na ce mai ya fara daga na farko."

Ku auna maganar nan da kyau, ku masu son koyon sana'a. Babu ƙarya a cikinta ko ta wasali ɗaya. Ko gaban alƙali aka kai ta za ta tsaya da ƙafarta. Malam Isiya ya dubi katakon, ya dube ni. Murtala kuwa ya ce abubuwa da yawa, har da cewa wanda bai iya ƙirga uku ba bai kamata a ba shi amanar gadon gida ba. Malam Abdu ya tsawata masa, ya ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Malam Isiya ya yi sallama, ya sa takalmansa ya fita. Bai ƙara zama a zauren ba. Daga baya na ji ya koma Faru yana noman albasa.

Shekarar ta yi wa sana'a muni. Duk wanda kayansa suka ƙone a daminar nan, daga Bakura har Mafara, ni ne mai laifi. Akwai wanda ya dire sitabilaizarsa a ƙofar shagona bai ko yi sallama ba. Akwai wanda ya ce sandar ƙasata ce ke kiran tsawa, ya sa aka tone ta. Har rani ya shigo ina gyaran fitilar hannu da rediyo. Maradun kaɗai sunana bai ɓaci ba, domin a can an riga an sami wanda zai ɗauki kayan. Tun daga lokacin duk katakon da na kafa sai na rubuta masa lamba da jan fenti, ta boko a sama, ta ajami a ƙasa, da kibiya. Mutane suka yi ta yaba tsabtar aikina. Na karɓi yabon, ban ga dalilin ɓata wa mutane rai da bayani ba.

Rumbun kuwa Murtala ya ce in jefar. Mai gyara ba ya jefar da komai, shi ya sa shagunanmu suke kama da juji mai ƙofa. Na naɗe shi a tsumma na sa a gwangwanin Maigida. Na san ɗan koren allon ne ya ƙone, mai yiwuwa abin da ke ciki yana nan. Amma sai an sami wani rumbu irinsa sak, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, a cire allonsa a ɗaura. Duk matacciyar kwamfutar da aka kawo mini, kafin in gaisa da mai ita sosai na riga na leƙa cikinta. Shekara huɗu ina wannan leƙe. Sai ga wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tsaya da kurarsa yana neman ruwan sha, na ga kwamfuta a ƙarƙashin wani murhu. Na duba lamba sau uku. Na ɗaura allon, na yi bisimilla, na jona. Ya yi 'yar ƙara, ya juya. Ga baitin farko a gabana.

A nan hanya ta rabu biyu. Ina iya kai wa Murtala in zauna a yi ta sa mini albarka, a ce Hamidu ya gyara ɓarnar Isiya. Har na hango inda za a shimfiɗa mini buzu. Sai dai na hau babur na nufi Faru.

Na same shi a fadama yana ban ruwa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da kasuwa da gajiya, kamar jiya muka rabu. Na gaya masa rumbu ya tashi. Ya ajiye fartanya ya yi hamdala. Sannan na gyara murya na ce akwai wata magana tsakanina da shi game da katakon nan. Ya ɗaga hannu.

"Ba nan anka yi ta ba, Malam Hamidu. Albasa ba ta ji komi ba ran nan."

Muka sa ranar Asabar da hantsi.

Malam Abdu yana raye, amma idon ya tafi gaba ɗaya. Zauren ya cika, kusan duk waɗanda suka halarci wancan zama suna nan, Murtala ma ya zo da sabuwar kwamfuta. Katakona yana bango yadda na bar shi, har yanzu ba lamba a jikinsa. Na gama haɗa wayoyi, na ja da baya. Malam Isiya ya je gaban katakon, ya harɗe hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta, ya yi magana yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Malam Hamidu, ni ban iya ƙirga ukku ba. Wanne ne na fari?"

Na ce na dama ne. Na ce kuma wancan karon ban gaya masa ba. Na ce daga bakin ƙofa na tsaya na ba shi umarni, ban nuna da hannu ba, ban sa lamba ba, kuma ranar da ya nuna yadda yake yi na gane inda kuskuren yake, na yi shiru aka ɗora masa. Na ce laifina ne, ina roƙonsa gafara a gaban waɗanda aka ci mutuncinsa a gabansu.

Murtala ya sami wani abu mai muhimmanci a tabarma yana ta dubawa. Malam Abdu ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ya ce ashe rumbu biyu aka buɗe yau.

Malam Isiya ya ce, "Da ka ce daga dama, ai da ba a kai nan ba. Ko takalmi da dama nike fara sawa. Na yafe, duniya da lahira." Bai ko juya ba ya ƙara. "Murtala, kai ma na yafe maka, ba sai ka wahala ba."

Ya kama wuƙa ya ɗaga. Allura ta yi rawa, muka tsaya, mutum kusan ashirin, kowa bakinsa na motsi. Da aka cika ƙafa bakwai ta natsu a tsakiya. Ya kunna na biyu, ya kunna na uku, ya ja kujerarsa ta da ya zauna, ya gyara tabarau. Ya karanta layin ƙarshe da suka buga shekara huɗu da suka wuce, rabin baiti ne.

Malam Abdu ya jingina da bango, ya ƙarasa masa ɗaya rabin.

Ni kuma na ciro jan fenti daga jaka, na jira su kai aya.